Maciji Ba Ya Tari

Akwatin gilashin yana nan a kan tebur, murfinsa a rufe, sakatarsa a zare, amma babu Madam a ciki. Abin da na tarar ke nan da na ƙarasa hawa benen ina haki, ruwan sama yana ɗiga daga hulata.

Madam mesa ce. Ba irin wadda ke haɗiye akuya ba, 'yar gajeriya ce mai kauri, wadda in ta tsorata sai ta dunƙule kamar ƙwallo. Ta ƙanin matata ce, Auta, mai gyaran firij. Jama'a na kiwon kaji da tantabaru, shi kuwa Allah ya jarabce shi da maciji, har da raɗa mata suna. Ni kuma bin sawu ne sana'ata. Na bi ɓarayin shanu a cikin ƙaya, na bi ɓarayin babur a kan tsakuwa, amma ban taɓa zaton wata rana za a kira ni neman maciji a saman bene ba. Ba don yayarsa ta tsare ni da ido ba, da ko ƙofar gida ba zan leƙa ba a wannan ruwa.

"Yaya, ka taimake ni," in ji Auta. "Ba ta da lafiya. Sanyi ya kama mata huhu."

"Maciji da huhu?"

"Wallahi ba wasa nake ba. Hancinta kumfa yake fitarwa, bakinta a buɗe, kanta a sama, numfashinta kamar ana fito. Likitar dabbobi ta ce kada in kuskura ɗumi ya yanke mata. Ga fitilar da ke ɗumama ta nan, ga injin da ke fesa mata tururin magani. Yau da yamma za a yi mata allura. To tun da aka fara ruwan nan da safe aka ɗauke wuta, ina shago. Na aro ƙaramin janareta na taho a guje, na tarar da abin da ka gani." Ya dubi akwatin. "Likita ta ce in ta wuni cikin sanyi ba allura, in cire rai."

Wasan da nake shirin yi masa ya maƙale a wuyana. Na san Auta tun yana yawo ba wando, ban taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba.

Na duba sakatar. Daga waje take, kuma ba a ɓalle ta ba, zare ta aka yi. Maciji ba ya zare sakata, balle ya fita ya mayar da murfi don ladabi. Hannun mutum ne. Na durƙusa in ga abin da ƙasa za ta gaya mini, sai na ga fuskata a cikin tayil. Daga bakin ƙofar falon har ƙarshen baranda an goge shi tas, sai ƙamshin sabulu.

"Wane mai tsaftar ne ya yi wannan aiki?"

"Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyarmu. Ruwa ne ya shigo ta tagar baranda."

"Allah ya saka mata da alheri," na ce, takaici kamar in ciji yatsana. "Ƙofar kuma fa? Ka kulle?"

"Ba na kullewa, Baba yana ciki."

Daga ƙasa hayaniya ta taso, har da ƙarar ana buga sanda a ƙarfen bene. Labari ya riga ya zaga gidan cewa maciji ya kuɓuce. Na ce wa Auta ya sauka ya tare su kafin su fara fasa kayan mutane, ni kuma zan ga Baba.

* * *

Baba mahaifin Auta ne, mahaifin matata, wato surukina. Na cire takalmi a bakin ƙofarsa, na shiga na tsuguna, idona a kan tabarma. Tun da na auri 'yarsa haka muke, in gaishe shi kaina a ƙasa, ya amsa a taƙaice, in tashi. Abin da na gani a gefen idona shi ne yana kan kujerarsa, ya sa ƙatuwar rigar sanyi, bargo a kan gwiwa. Ɗakin ya cika da warin man zafi, amma wannan ba sabon abu ba ne, da damina ko sallama ka yi masa sai ka yi atishawa.

"Baba, an wuni lafiya? Ya sanyi?"

"Lafiya lau. Ya yaran?"

"Suna gaishe ka. Baba, batun dabbar nan ce ta Auta."

"Igiyar nan," ya ce. Haka yake kiranta, bai taɓa yarda ya ce Madam ba. "Na sha gaya masa wata rana sai ta jawo mana magana."

"Ko ka ji shigowar wani?"

"Ni da nake barci? Ban ji kowa ba." Sai ya ƙara da sauri, "Amma na ji ta tana tari. Nan ƙasan tagata, wajen tankin ruwa. Ku duba can."

Na yi godiya na fito, na ji daɗi an samu bakin zare. A lissafina, wanda ya ɗauke ta ya tsorata ne ya jefar da ita a bayan gida.

* * *

A tsakar gida na tarar da taron yaƙi. Wannan da taɓarya, wancan da galan na kalanzir, wani ma da murfin tukunya, ban san ko garkuwa ce ba. Hajiya mai benen tana tsaye a kan matakala ta riƙe ƙugu, ta inda take shiga ba ta nan take fita ba.

"Na ba ka ɗaki, ban ba ka gidan zoo ba! Yau in an ga abin nan a kashe shi, kai kuma ka nemi wani wurin!"

"Hajiya, ba ta cizo," Auta yana ta roƙo.

"Ta cije ni tukuna in tabbatar?"

Na ja Auta gefe na ce masa Baba ya ji motsinta a bayan tanki. Na roƙi jama'a su tsaya inda suke. Kamar na ce su biyo ni. Kafin in kai bakin tankin, mutum goma sha wani abu sun riga ni, sun tattake taɓon wurin kamar masu kwaɓa ƙasar gini. Sai da na daka musu tsawa suka ja baya.

Can gefen katanga, inda ƙafa ba ta kai ba, na ga abin da nake nema: wani sawun jan ciki mai santsi a cikin laka, faɗinsa kamar damtsen yaro, ya miƙe ɗoɗar. Mesa mai nauyi takan yi tafiya haka, ba sai ta yi ta lanƙwasa ba. Murna ta kama ni. Na bi shi a sunkuye, ruwa na shiga mini ta wuyan riga, ya bi ta bayan banɗaki, ya ratsa kwata, ya kewaye tarin bulo. Jama'a na biye da ni a hankali, kowa ya ɗaga makaminsa. Sawun ya shige ƙarƙashin wata tsohuwar mota da aka jingine a kan duwatsu. Na kwanta rubda ciki a cikin laka, na miƙa hannu a hankali, na kamo abu mai sanyi mai laushi, na jawo.

Tiyon wankin mota ne.

Wani ya fara dariya, sai duk suka ɗauka. Har Hajiya ta rufe baki da mayafi. Na miƙe laka har haɓata, na jefar da tiyon, ban ce wa kowa komai ba, don na san in na buɗe baki ba alheri ne zai fito ba. Auta kaɗai bai yi dariya ba. Sama yake kallo, inda rana ta fara karkata a bayan gajimare.

* * *

"Baduku ne," ya raɗa mini. "Kullum na wuce da ita sai ya ce fatar nan za ta yi kyau a ɗamara."

Shagon Baduku yana ƙarƙashin matakala, ɗan ƙurƙutu, ya cika da jakunkuna da warin gam. Muna shiga na hango wani yanki mai zanen fatar mesa a ƙarƙashin teburinsa. Auta ya yi kukan kura zai shaƙe shi, na riƙe masa riga.

"Malam Baduku, mene ne wancan?"

Ya jawo shi ya shimfiɗa mana. Ya kai tsawon tabarma, bayansa da yadi.

"Roba ce, ranka ya daɗe. Da yadi ake sayar da ita. Ku shinshina." Ya juya ga Auta, ransa a ɓace. "Haba Injiniya! Don na yi maka wasa? Ni da ko tsaka na gani sai na hau kujera? Kuma tun safe ina nan ina kwashe ruwan da ya shigo mini, tambayi duk wanda ya wuce."

Na duba ƙafafunsa, sun yi fari sun tattare irin na wanda ya daɗe tsaye cikin ruwa. Na duba matakalar da ke saman kansa, busasshiya ce daga hawa na biyu. Da ya hau, da na ga jiƙar. Na ba shi haƙuri. Bai karɓa ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Maman 'Yan Biyu ƙofarta na kallon ta Auta. Ita ce ta taɓa rantsuwa a gaban mutane cewa ranar da ta ga macijin nan a baranda sai ta kwara masa tafasasshen ruwa. Na tarar da ita a kan gado da 'ya'yanta, ta toshe ƙasan ƙofa da tsumma.

"Ni?" ta ce, ta dafe ƙirji. "In taɓa abin nan da hannuna? Malam, ko hotonsa na gani a waya sai na wanke ido."

"Me ya sa kika goge barandar?"

"Ruwa ya shigo, yara na gudu, in bar su su karye? Yanzu shara ma laifi ce?"

"Kin shiga falonsu?"

"Iyakata bakin ƙofa. Shi ma don Baba ya kira ni ne, ya ce in dafa masa ruwan zafi a gas ɗina zai yi sirace, tunda ba wuta. Na kawo, ya miƙo hannu ya karɓa. Falon kuma a goge na gan shi, ba ni na goge ba." Ta harare ni. "In kuma yi wa tsoho hidima ya zama sata, sai ka rubuta."

Na fito hannu rabbana. Na tsaya a baranda ina kakkaɓe busasshiyar laka daga gemuna, haushi ya ishe ni. A daji ƙasa ba ta yi mini gardama, ba ta hararata, ba ta cewa in shinshina roba. Nan kuwa kowa da bakinsa, kuma ba wanda ya bar mini ko rabin sawu.

* * *

Auta ya hawo da waya a kunne, yana ba likita haƙuri kan za su makara. Ya miƙo mini ita.

"Tana so ta yi magana da kai."

Muryar mace ce, mai sauri, irin ta wanda aiki ya yi wa yawa. "Malam, kai ne mai neman? Ka daina wahalar da kanka a waje. Macijin da ke wannan hali ba ya tafiya mai nisa, kuma ba zai nufi laka ba, ɗumi zai nema. Ku duba bayan firij, cikin katifa, wajen murhu. Kuma ku yi shiru ku saurara, numfashinta yana da ƙara."

"Ai an ji ta, Likita. An ji tana tari a bayan tanki."

"Tana me?"

"Tari."

"Malam, maciji ba ya tari."

"Ko da mura ta kama shi?"

"Ko da me ya kama shi. Ba shi da abin da zai turo tarin da shi, ba a halicce shi da shi ba. Ai shi ya sa ciwon nan yake kashe su. Ni da kai in majina ta taru sai mu yi tari mu fitar, shi kuwa sai dai ta yi ta taruwa har ta toshe hanyar iska. Da suna tari da rabin aikina ya ragu. Wanda ya ce maka ya ji tarin maciji, ko dai tarin mutum ya ji, ko kuma bai ji komai ba. Don Allah ku yi sauri."

Ta kashe. Na tsaya da waya a hannu kamar an dasa ni.

Tagar Baba a rufe take saboda ruwa, kuma tsakaninta da tanki hawa uku ne. Mutumin da sai ka ɗaga murya yake jin gaisuwa, shi ne ya jiyo tari daga can, a cikin rugugin ruwan sama, yana kuma barci. Mai barcin nan dai shi ne ya kira maƙwabciya ta dafa masa ruwa. Duk wannan yana gabana tun farko. Na duba sakata, na duba laka, na duba ƙafar Baduku, na duba har ƙarƙashin mota. Wuri ɗaya ne ban ɗaga ido na duba ba a gidan nan, saboda kunyar suruki.

"Me ta ce?" in ji Auta.

"Tara mini su a falonka. Hajiya, Baduku, Maman 'Yan Biyu. Kuma ka fito da Baba."

"Baba kuma? Me ya haɗa..."

"Auta, yi abin da na ce."

* * *

Suka taru, kowa fuska a murtuke. Hajiya ta ƙi zama, wai ba ta san abin da ke cikin kujerun ba. Baduku ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon silin. Maman 'Yan Biyu ta naɗe ƙafafunta a kan kujera. Baba ya ƙi a kama shi, ya fito da kansa a hankali, hannu ɗaya a kan sanda, ɗaya a kan ciki, ya zauna a kusurwa.

"Na tara ku ne in wanke wanda ya kamata in wanke," na ce. "Malam Baduku bai hau benen nan ba yau sai yanzu. Mun zarge shi a banza, kuma ina ƙara ba shi haƙuri a gaban kowa."

"Uhm," in ji Baduku.

"Maman 'Yan Biyu ba ta wuce bakin ƙofa ba. Laifinta ɗaya, ta fi ƙarfina da tsumma. Hajiya kuwa, da ita ta ɗauka, da ba ɓoyewa za ta yi ba, da tuni mun ga gawa a tsakar gida."

"Ka san ni ke nan," Hajiya ta ce.

"To wa ya rage?" Baduku ya tambaya. "Aljani?"

"Abu ɗaya nake roƙo. Kowa ya yi shiru. Ko motsi kada a yi."

Ruwan ya riga ya tsagaita. Babu wuta, don haka babu ƙugin firij, babu fanka. Shirun ya sauka a falon har ana jin ɗigar ruwa daga indararo. Sai ga shi, siriri, daga kusurwa: wani ɗan fito mai jiƙa, ya ja, ya tsaya, ya yi ƙas, ya sake ja.

Auta ya ɗago kai a firgice. Ya san sautin nan fiye da kowa. Na taka masa ƙafa da ƙarfi.

Hajiya ta waiga. "Subhanallahi! Baba, ƙirjinka ne haka?"

Baba ya ƙara dafe cikinsa da hannu.

"Ƙirjin Baba ne," na yi maza na ce. "Sanyin nan ya taɓa shi, mun kuma cika masa ɗaki. Jama'a, ku ba shi iska. Na riga na san inda dabbar take, tana cikin gidan nan, a killace, ba ta taɓa sauka ƙasa ba. Ba wanda ya sace ta. Hajiya, ki ce su ajiye sandunan nan."

"A killace a ina?"

"Hajiya, in na faɗa, ba za ki ƙara cin abinci a irin mazubin ba."

Wannan ya ishe ta. Suka fita suna gunaguni, Maman 'Yan Biyu tana cewa a nemo wa tsoho magani maimakon a yi ta bautar maciji. Na rufe ƙofa, na zo na tsuguna a gaban surukina.

"Baba," na ce, "a ba mu ita. Lokaci yana ƙurewa."

Ya jingine sandarsa. Sannan ya fara ɓalle maɓallan rigar sanyin ɗaya bayan ɗaya. A ƙarƙashinta, ɗaure a cikinsa da rawani, rigar matashin kai ce da wani abu mai nauyi a ciki.

Auta ya zube a gwiwa ya kwance ta. Madam ta zubo a hannunsa, ba ta dunƙule ba, ta saki jiki kamar tsumma. Bakinta a buɗe yake, kanta kuwa yana ta ƙyalli. An shafe mata hanci da maƙogwaro da man zafi, har ya toshe ƙofofin hancin.

"Baba! Me ka yi mata?"

"Wuta ce ta ɗauke," Baba ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Na ji kana cewa in ɗumi ya yanke za ta mutu. Na leƙo na ga fitilar ta mutu, na taɓa gilashin, ƙanƙara. Ita kuma ta ɗaga kai tana ta buɗe baki tana neman iska. Na kira wayarka ba ta shiga. Ni ba sonta nake ba, ka sani. Amma na san yadda za ka yi in ka dawo ka tarar da ita a miƙe." Ya numfasa. "Sai na rufe ido na ɗauke ta na sa a jikina. Da na ji kukan ƙirjin bai daina ba, sai na yi mata abin da nake yi wa kaina. Na shafa mata man, na zuba shi a ruwan zafi, muka lulluɓa da bargo ni da ita. Ruwan ma ya zube a falo, na goge. Muna fitowa daga bargon sai na ji ta saki."

"Me ya hana ka faɗa da na dawo?"

"Ka shigo kana ihu kana cewa sai ka ɗaure wanda ya taɓa ta. Ga mutane a ƙasa da sanduna. Na ce bari ta ɗan farfaɗo in mayar da ita ba wanda ya sani." Ya juyo wajena. "Kai kuma na tura ka cikin ruwa. Ka yafe ni."

Wuni guda ina tara fushin da zan sauke a kan ɓarawo, ga shi na kama shi, kuma babu inda zan sauke.

* * *

Baba ya ce ƙafarsa ƙafarmu. Muka ɗauki tasi, Auta ya rungume Madam a cikin rigarsa har asibitin dabbobi. Aka zaunar da Baba a benci a waje, mu biyu muka shiga.

Likita tana jin warin ta ɗago ta dube mu, amma ba ta ɓata lokaci da tambaya ba. Ta shimfiɗa Madam a kan wani faifai mai ɗumi, ta goge man da auduga, ta buɗe bakin da ɗan ƙarfe, ta zuƙe majinar da wani siririn bututu. Abin da ya fito ya ba ni mamaki, ban san ɗan jikin nan zai iya riƙe shi ba. Ta sa mata iska, ta yi mata allura a gefen baya. Auta yana tsaye yana shafa wutsiyar da yatsa ɗaya yana cewa, "Yi haƙuri, Madam, yi haƙuri."

Fiton ya yi ta raguwa. Na ɗauka sauƙi ne, har na fara murmushi. Sai na ga likita ta cire abin sauraro daga kunnenta ta ajiye.

Auta bai yi kuka ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Gaya mini gaskiya, Likita," ya ce.

"Wanda ya sa ta a jikinsa ya yi daidai, ɗumin nan ne ya riƙe ta. Man ne matsalar. Ya toshe hancin, tururinsa kuma ya ƙona huhun da dama a kumbure yake." Ta rufe Madam da tawul. "Da kun kawo ta tun da rana, ina jin da na yi wani abu. Ba zan rantse ba, amma ina jin haka."

Tun da rana, lokacin da nake kwance cikin laka ina kokawa da tiyo.

Muka fito, Auta yana riƙe da ita a naɗe cikin tawul. Baba ya dafa sanda ya miƙe. Ya kalli tawul ɗin, ya kalli ɗansa.

"Ni ne ko?"

Na dubi Auta. Na san abin da ke bakinsa, don ni ma yana bakina.

"A'a, Baba," ya ce. "Sanyi ne. Tun kafin ka ɗauke ta ya riga ya gama da ita. Likita ta ce ba don ɗumin jikinka ba ma, da ba ta kai yanzu ba."

Baba bai gamsu ba. Ya juyo gare ni.

"Kai ba a san ka da ƙarya a aikinka ba. Kana ciki, ka ji komai. Haka ta ce?"

Shekara da shekaru abin da nake ci da shi ke nan, in na ce sawu nan ya bi, to nan ya bi, ko ran wa zai ɓaci. Auta yana kallona ta bayan kafaɗar mahaifinsa, idonsa jajur.

"Haka ta ce, Baba."

Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya gyaɗa kai. Sannan ya miƙa hannu ya ɗora a kan tawul ɗin.

"Allah sarki, Madam," ya ce.

Auta ya miƙo mini ita, ya kama hannun mahaifinsa, suka fara sauka daga matakala a hankali saboda santsi. Ni kuma na biyo su a baya, ina ɗauke da gawar.